Suwaitar Zafi Mai Ratsi: Yadda Za Ki Saƙa Ta Ba Ta Saki Ba, Ba Ta Karkace Ba

'Yar uwa, kin ce hannunki ya faɗa da saƙar ulu, kin yi huluna da suwaitar sanyi, yanzu kuma kina son saƙa suwaita marar nauyi ta sakawa lokacin zafi, irin wadda ake zurawa ta ka, mai ratsin fari da shuɗi. Kin tambayi wane zare za ki saya, ko ya dace ki saƙo ta a zagaye daga wuya zuwa ƙasa ba ɗinki kamar yadda kika saba, da kuma yadda za ki yi ratsin ya fito tsaf.

Duka ukun amsarsu na rataye da abu guda: zaren zafi ba ya komawa. Silin ulu a nannaɗe yake tun daga jikin tunkiya, in kin ja shi kin saki sai ya koma inda yake. Shi ya sa yake rufa wa mai saƙa asiri. Idon saƙa ɗaya ya fi ɗan'uwansa girma, wanki ɗaya zai daidaita su. Wuya ya ɗan buɗe, da kansa zai tsuke. Auduga da lilin kuwa silinsu miƙaƙƙe ne. Yadda kika ajiye ido haka zai zauna, inda nauyi ya ja shi can zai tsaya. Ga shi kuma kin zaɓi ratsi, wanda layi ne miƙaƙƙe da idon mai kallo ke bi daga gefe zuwa gefe, ko yaya ya karkata sai an gani. Don haka duk aikin da ulu ke yi miki a ɓoye, a wannan rigar ke za ki yi shi da hannunki: wajen zaɓen zare, wajen awo, da wajen ɗinki.

Mu fara da zaren. Ki bar akirilik, wato zaren roba, zalla, komai laushinsa a hannu. Danshin da yake iya sha bai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinsa ba, alhali auduga na riƙe kusan kashi 8, lilin kuma kusan kashi 12. Ma'ana gumi zai tsaya tsakanin fatarki da rigar, ba inda za shi. Auduga tana shan gumi, tana da sauƙin wanki, tana ƙara ƙarfi ma idan ta jiƙe, amma tana da nauyi, kuma nauyin nan shi ne ke jan riga ƙasa. Akwai audugar da aka tsoma a ruwan soda mai ƙarfi, dabarar da wani Bature ɗan Ingila, John Mercer, ya gano a 1844, za ki ga sunansa a jikin takardar zaren. Irin wannan tana sheƙi, tana kama rini sosai, ba ta cika tsukewa a wanki ba, kuma ratsi yana fitowa raɗau a jikinta. Sai dai ita ce ta fi tona asirin hannu, don kowane ido a fili yake tsaye. Wadda ba a yi wa wannan aikin ba ta fi taushi da lumshi, amma takan ɗan tsuke a wankin farko.

Lilin ya fi kowa sanyi a jiki, yana kuma saurin bushewa. Ranar da kika fara saƙa shi za ki ji shi da tauri a yatsa, idanun su fito a hargitse, har ki yi zaton kin ɓata aikin. Kada wannan ya karya miki gwiwa. Duk wankin da aka yi masa sai ya ƙara laushi da zubi, rigar lilin ta shekara uku ta fi sabuwa daɗin sakawa. Shi kuwa zaren da ake cewa na gora, a mafi yawan lokuta biskos ne, wato an narkar da ɓargon gorar an sake fitar da shi sili-sili. Yana da santsi da sanyi, amma ya fi kowa saki, kuma ƙarfinsa na raguwa idan ya jiƙe. Ni ba na saƙa riga sukutum da shi zalla.

In da ni ce ke, a wannan karon farko gaurayen auduga da lilin zan nema, rabi da rabi ko kusa da haka. Audugar ta tausasa wa hannunki aikin, lilin ya rage nauyi ya kawo sanyi. In kuma kin ci karo da zaren da shi kansa saƙaƙƙe ne, siririn bututu mai rami a tsakiya, ki ɗauka da hannu biyu. Ramin nan na sa ya fi tsawo a kowane giram, kuma ginin sarƙar da aka yi masa na ba shi ɗan talewar da audugar ba ta da ita.

Kauri kuwa, kada sunan da aka rubuta ya ruɗe ki, ki dubi mita nawa ke cikin giram 100. A tsarin lambobin da ake bugawa a takardar zare, daga 0 zuwa 7, lamba 1 da lamba 2 su ne naki: wajen mita 400 a giram 100 ga ta farko, wajen mita 300 ga ta biyu. Lamba 3 ita ce iyaka. Audugar lamba 4 tana saurin tafiya a kibiya, gaskiya ne, amma suwaitar babba da aka yi da ita takan haura rabin kilo, kuma duk wannan nauyin a kafaɗa biyu yake rataye. Akwai masu ɗaukar zare mai kauri su sa masa manyan kibiyoyi don saƙar ta yi huji-huji iska ta shiga. Ranar farko abin gwanin kyau. Bayan sakawa kaɗan sai ramukan su miƙe, rigar ta zazzago, ko'ina tana maƙalewa. Siririn zare da saƙa mai ɗan riƙo shi ne ke ba da rigar da ke da sauƙi kuma take tsayawa a siffarta.

Kafin ki biya kuɗin zare, in da hali, ki warware kamar mita ɗaya, ki kama bakin biyu ki haɗa hannuwanki, ki bar tsakiyar ta yi lilo. In ta rataya salin-alin ko ta ɗan juya sau ɗaya ko biyu, zaren lafiya lau. In kuwa nan take ta nannaɗe kanta ta zama igiya, murɗin ya yi masa yawa ta gefe guda, kuma wannan ƙarfin ba ya ɓacewa don an saƙa shi. Zai tura kowane ido ya jingina gefe ɗaya, har rigar ta murɗe a jiki, gefen da ya kamata ya tsaya ƙarƙashin hammata ya zagayo gaban ciki. Zare mai sili ɗaya, musamman na lilin, shi ya fi yin haka.

Sai launi. Ki jera dunƙulen biyu ki ɗauke su hoto da waya, ki mayar da hoton baƙi da fari. In sun koma toka iri ɗaya, daga nesa ratsin zai narke ya zama abu guda, komai bambancinsu a ido kusa. Fari da shuɗi mai duhu ba su da wannan matsalar, nasu ciwon daban ne: zuba. Shuɗi mai duhu da ja su ne kan gaba wajen ɓata fari. Ki yanko ɗan sili daga kowanne, ki murɗa su tare, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, ki naɗe cikin farin ƙyalle ki bar su awa ɗaya ko biyu. In ƙyallen ko farin zaren ya ɗauki launi, ki warware shuɗin gaba ɗaya ki yi shi dogon zobe, ki ɗaure a wurare uku ko huɗu don kada ya cukurkuɗe, ki yi ta wankewa har ruwan ya fito garau, ki shanya ya bushe kafin ki fara. Za ki ji ana cewa a zuba ruwan khal ko gishiri rinin ya kama. Tsami yana taimaka wa rinin ulu da siliki ne. A auduga da lilin, abin da ke zuba rarar rini ne da bai kama ba tun farko, maganinsa a wanke shi ya fita. Ki kuma duba lambar tukunyar rini a jikin takarda, duk dunƙulen launi ɗaya su zama lamba ɗaya. Har fari ma yana bambanta.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki: saƙar gwaji. Na san masu saƙa da yawa na ƙyashinta, a ulu kuma sau da yawa sukan tsira. A nan ba tsira. Ki ɗora ido 40 a kibiya mai milimita 3.25 ko 3.5 in zarenki lamba 2 ne, ki saƙa har ya kai santimita 15 ko fiye, da ratsin da kike niyyar yi, ba launi ɗaya ba. Ki auna ido nawa da layi nawa ke cikin santimita 10 a tsakiya, ki rubuta. Sannan ki wanke shi daidai yadda za ki riƙa wanke rigar. In a inji za ki riƙa jefa ta, shi ma ki jefa shi a inji. Ya bushe a shimfiɗe, sannan ki rataye shi ta sama, ki maƙala masa abin maƙale shanya huɗu ko biyar a ƙasa, ya kwana haka. Wannan shi ne kwaikwayon nauyin da rigar za ta ɗora wa kanta. Da safe ki sake aunawa. Galibi za ki tarar idanun sun ƙara tsawo sun rage faɗi. Awon nan na biyu shi ne gaskiya, da shi za ki yi duk lissafi.

Ki juya bayan gwajin ma ki duba. In kin ga layukan sun rabu biyu-biyu da ɗan rami tsakaninsu, hannunki ya fi sakin layin baya a kan na gaba. Ulu kan ɓoye wannan, auduga kuwa fito da shi take. Maganin mai sauƙi ne: ki riƙa saƙa layin baya da kibiyar da ta fi ƙanƙanta da milimita 0.25 ko 0.5. Ki kuma ɗora gwajin a damtsenki ki tsaya a haske, ki ga ko farin yana nuna fata fiye da yadda za ki so. Gara ki sani yanzu.

Game da saƙowa daga wuya a zagaye: dabara ce mai kyau, tun bayan da wata masaniyar saƙa, Barbara Walker, ta fitar da littafinta a kanta a 1972 take ƙara samun masoya, kuma tana da amfanin da ba a musu, don kina iya gwada rigar a jiki tana kan kibiya. Amma ga wannan zaren, shawarata ki saƙa gaba daban, baya daban, ki ɗinke. Ɗinkin gefe da na kafaɗa su ne ke riƙe rigar auduga. Layin ɗinki ba ya talewa kamar saƙa, shi ke hana tsawon ƙaruwa, shi ke taka wa murɗewar nan burki. Rigar da ba ɗinki duk nauyinta a idanun wuya yake rataye, shi ya sa za ki ga wuyan ya yi ta faɗi har ya zamo kafaɗa. Kuma gwajin da kike yi tana kan kibiya ba ya gaya miki gaskiya, tunda ba a wanke ta ba tukuna.

Bari in yi miki lissafin da misali, ke kuma ki sa naki awon. A ce kewayen ƙirji santimita 96 ne. Rigar zafi ba a son ta kama jiki, sai iska ta sami wurin wucewa, don haka ki ƙara 10, ya zama 106. A ce gwajinki bayan wanki ya ba da ido 24 da layi 32 a santimita 10. To ido 2.4 ke nan a kowace santimita. 106 sau 2.4 ya ba da 254 da ɗan ɗoriya. Ki mayar da shi 256, gaba 128, baya 128, ki ƙara wa kowanne ido 2 na gefe waɗanda ɗinki zai cinye. Ido 130 za ki ɗora.

Ratsin fari da shuɗin nan da kike sha'awa yana da asali. A 1858 ne rundunar sojan ruwan Faransa ta sa shi cikin kayan sarkin matuƙanta, har da awo a rubuce: farin ratsi 21 mai faɗin milimita 20, shuɗi 20 ko 21 mai faɗin milimita 10. Abin ɗauka a nan shi ne rabon, fari ninki biyu na shuɗi. Shi ke sa rigar ta yi haske a ido, ba ta yi duhu ba. In kika yi su kai ɗaya, shuɗin ne zai rinjaya, rigar ta yi nauyi a kallo. A namu awon, fari layi 8, shuɗi layi 4, jimla layi 12 a kowane zubi, wato santimita 3.75. In kin fi son siririn ratsi ki yi 6 da 2. In kuma kina son ratsin da ke ƙara faɗi yana hawa, jerin Fibonacci, wanda kowace lamba a cikinsa jimlar biyun da suka gabace ta ce, in an ninka shi biyu yana da daɗin kallo: 2, 4, 6, 10, 16. Ko wanne kika zaɓa, adadin layin ya zama mai rabuwa biyu, don zaren ya riƙa dawowa gefen da ɗan'uwansa ke jira.

Daga bakin ƙasa zuwa hammata a ce santimita 34: bakin riga 4, sauran 30. Santimita 30 layi 96 ke nan, zubi 8 cif. Daga hammata zuwa kafaɗa santimita 20, layi 64: zubi 5 da ragowar layi 4 na fari. Kin ga ba tef a wannan aikin. Layi za ki ƙirga, ratsin da kansa zai yi miki ƙirgar. In kika ɗora tef a kan saƙar da ba a wanke ba kika ga 30 ba ta cika ba, kika ƙara layi, bayan wanki rigar za ta wuce inda kika so. Ki amince da gwajinki. Ni na fi son barin saman kafaɗa da kewayen wuya fari zalla, ko da zan sadaukar da zubin ƙarshe, don ratsin da wuya ya yanke shi gutsi-gutsi ba ya kyau kusa da fuska.

Gwajin nan zai kuma gaya miki yawan zaren da za ki saya. Ki ɗora shi a ƙaramin sikeli. A ce mai santimita 15 da 15 ne, murabba'i 225, ya yi giram 10. Jikin rigar 106 sau 54, wajen 5,700, gajerun hannuwa biyu wajen 1,300, jimla 7,000. Raba da 225, ya ba da 31, sau giram 10, giram 310. Ki ƙara kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana, wajen 340. A dunƙule mai giram 50, fari 5 da shuɗi 3 za su ishe ki.

Bakin ƙasa yana son kulawa. Saƙar santsi, wato gaba a fuska baya a ciki, nannaɗewa take a baki, ba gugar da za ta hana ta. Saƙar ɗaya-gaba-ɗaya-baya da kika saba yi a bakin suwaitar ulu kuwa, a auduga ba ta tsukewa, buɗewa take ta yi fiffike. Ki yi ta da kibiyar da ta fi ta jiki ƙanƙanta da milimita 0.5 zuwa 0.75, kuma ki riƙa shiga idon gaba ta ƙafarsa ta baya don ya murɗe ya matse. Ko ki bar ta ki yi bakin da saƙar gaba zalla a kowane layi, ya kwanta lafiya. In kin bar tsaga ta santimita 4 ko 5 a gefe biyu ba ki ɗinke ba, rigar za ta fi zama a ƙugu.

Wajen canja launi, abu biyu. Na farko, kullum ki fara sabon launi a layin fuska. In kika fara a layin baya na saƙar gaba zalla mai tudu-tudu, ko cikin ɗaya-gaba-ɗaya-baya, ɗigo-ɗigon tsohon launi zai fito a tsakiyar sabon. In dole ne ki canja a cikin bakin riga ko na hannu, ki saƙa layin farko na sabon launin gaba zalla, sannan ki ci gaba da tsarinki. Layin zai ɓuya, ratsin ya fito da kaifi. Na biyu, kada ki yanke zare a kowane ratsi. Zubi 13 ratsi 26 ke nan, kowanne da jela biyu, jela 52 a gaba kawai, fiye da 100 in an haɗa da baya, kuma jelar auduga ba ta son zama inda aka ɓoye ta. Ki ja zaren da ke hutawa ya bi gefe ya hau. A farkon kowane layin fuska ki sarƙa shi da wanda kike aiki da shi sau ɗaya. A nan ne hannu ke yin laifi: in kin ja shi da ƙarfi, wannan gefen zai fi ɗayan gajarta, rigar ta ɗage ta gefe guda. Duk sanda za ki ɗauki launin da ya huta, ki fara miƙe gefen da yatsu ƙasa, ki ga zaren ya kwanta daidai tsawon saƙar, sannan ki saƙa idon farko.

A kafaɗa, daga ido 130 ki ba wuya 60, santimita 25 ke nan, kowace kafaɗa 35. Ki sauke wuyan gaba ƙasa da na baya da kamar santimita 6, in ba haka ba zai riƙa shaƙe ki. Kafaɗar kuma ki rufe ta hawa uku, 12, 12, 11, don ta bi gangaren jiki. Ki rufe da ɗan ƙarfi, ki ɗinke da kyau. Nan ba wurin laushi ba ne. Wuya kuwa akasin haka. Kewayen kan babba yakan kai santimita 55 zuwa 58, kuma bakin da aka rufe da auduga ba ya talewa ko kaɗan. Bayan kin tsinci idanun wuya kin yi masa siririn baki, ki rufe da sassauci, ki zura kanki ki ga ya wuce kafin ki yanke zaren.

Hannun riga ya fi sauƙi in kin tsinto shi daga jikin rigar bayan kin haɗa kafaɗa, tun ba ki ɗinke gefe ba. Ido ya fi layi faɗi, don haka ba kowane layi za ki tsinta ba. A awonmu 24 ne da 32, wato ido 3 a kowane layi 4: ki tsinci uku, ki tsallake ɗaya. Santimita 40 na ramin hannu zai ba ki ido 96, da 2 na gefe. Ki rage ɗaya a kowane gefe duk bayan layi 8, zubi 4 ya ishi gajeren hannu, ki yi masa baki irin na ƙasa.

Ɗinkin gefe shi ne inda ratsi ke saka miki da alheri. Ki shimfiɗa gaba da baya fuska a sama, gefe da gefe. Tsakanin idon farko da na biyu, in kin ɗan buɗa, za ki ga 'yan sanduna a kwance. Ki ɗauki biyu daga dama, biyu daga hagu, da allura marar tsini, ki yi ta hawa. Bayan kamar santimita 3 ki ja zaren a hankali, za ki ga gefen biyu sun matso sun haɗe, zaren ɗinkin ya nutse ya ɓace, shuɗi ya sadu da shuɗi kamar ba a taɓa raba su ba. Farin zare kaɗai ya isa duk ɗinkin. In kin isa bakin ratsi kin ga gefe ɗaya ya riga ɗaya, sanda ɗaya kika tsallake, ki koma ki nemo ta tun ba ki yi nisa ba.

In duk da haka zuciyarki na kan saƙar zagaye, ba zan hana ki ba, amma ki san abin da ke jiranki. Saƙar zagaye ba zobe-zobe ba ce, hawa take kamar matakalar bene mai murɗawa, ƙarshen kowane zagaye yana saman farkonsa da layi ɗaya. Shi ya sa inda aka canja launi ratsin ke yin ɗan tsalle. Dabarar da wata masaniyar saƙa, Meg Swansen, ta yaɗa ita ce: ki saƙa zagaye ɗaya cikakke da sabon launi, in kin dawo idon farko sai ki ɗago idon da ke ƙarƙashinsa, mai tsohon launi, ki ɗora a kibiyar hagu ki saƙa su tare. Wata hanyar kuma ki tsallakar da idon farkon nan zuwa kibiyar dama ba tare da kin saƙa shi ba. Duka biyun suna aiki a ratsin da ya kai layi 3 ko fiye. Ki sa wurin canjin a gefe, ƙarƙashin hammata. Ki yi gwajinki ma a zagaye, don awon hannunki a zagaye daban yake da na shimfiɗe. Sannan ki bar ido ɗaya na baya a kowane gefe tun daga hammata har ƙasa, in kin gama ki ɗinke shi ciki da irin ɗinkin da na faɗa. Kin sami daɗin zagaye, kin kuma sami riƙon ɗinki.

Jelar da ta rage, kada ki ƙulla a tsakiyar layi. Ƙulli a auduga ko ya kwance ko ya leƙo fuska. Dunƙule in zai ƙare, ki canja a gefe ko da za ki yi asarar ɗan zare. Ki bar jela mai santimita 15, ki raba silinta gida biyu, ki bi da rabi ta dama rabi ta hagu a bayan saƙar, kowane launi cikin ratsinsa don kada shuɗi ya nuna ta cikin fari. Ki yi da allura mai tsini wadda za ta huda cikin zaren, ba ta bi ƙarƙashinsa kawai ba. Kada ki datse ragowar sai bayan wankin farko, lokacin da kowane ido ya zauna inda zai zauna.

Hannunki ma ki tausaya masa. Tunda zaren ba ya talewa, yatsu da wuyan hannu ne ke ɗaukar duk jan. Ki riƙa ajiyewa kina miƙe yatsu, kada ki zarce awa da awa kamar yadda kike yi da ulu. Kibiyar katako ko ta gora tana riƙe zare mai santsi kada ya zame. In kuma audugar mai rarrabewa ce, kibiya mai ɗan dakusasshen baki ta fi, don mai tsini shiga take tsakanin sili.

In kin wanke, kada ki bar ta a jiƙe cikin ruwa, kada ki murɗe. Ki naɗe ta cikin tawul ki danna, ki shimfiɗa, ki ja ta zuwa awon da kika lissafa, ki daidaita ratsin da tafin hannu tun tana da danshi. A ninke za ki riƙa ajiye ta, hanga na fitar mata da ƙaho a kafaɗa ya kuma ja tsawonta. In bayan an sha sakawa kin ga wuyan baya ya fara buɗewa, ki ɗauki kwarashi da farin zarenki, ki bi ta ciki da sarƙa mai ɗan matsi, daga bakin kafaɗa ɗaya, ta bayan wuya, zuwa bakin ɗayar. Ni tun ranar da na gama riga nake yi mata wannan layin, ba na jira sai ta buɗe.